Yadda waya take ƙirga saƙonnin da ba a karanta ba, da yadda ake sarrafa su kada muhimmi ya nitse

A cikin azumin bara na rasa jana'izar wani dattijo a danginmu alhali ina cikin gari, kuma sanarwar tana cikin wayata tun da asuba. Na tashi na tarar da saƙo sama da 200 a zauren WhatsApp na dangi, na buɗe na duba uku ko huɗu na farko, duk gaisuwa ce da hotunan addu'a da ake turawa kullum, sai wani aiki ya taso na rufe. Da na dawo, koriyar lambar nan da ke gefen sunan zauren ta ɓace, zauren ya koma tamkar na karanta komai. Sai bayan azahar ƙanena ya kira ni yana cewa, "Yaya, lafiya ba a gan ka wajen jana'iza ba?" Tun daga ranar na zauna na bi diddigin yadda manhajojin nan suke yanke hukuncin cewa an karanta saƙo, kuma matakan da ke ƙasa su ne abin da nake aiki da shi yanzu. Sunayen maɓallan da zan ambata su ne waɗanda ke kan wayar da aka saita da Turanci. Wanda tasa take da Faransanci, kamar yawancin wayoyin Nijar, zai same su a wuri guda da sunayensu na Faransanci.

Mataki na farko: ka gane irin lissafin da manhajar take yi

Babu wata manhaja da ta san abin da idonka ya karanta. Abin da ta sani shi ne abin da ta nuna a fuskar wayar, kuma hanya biyu ce ake bi wajen adana wannan bayani.

Hanya ta farko irin ta uwar adashe ce, wadda take da littafi mai ɗauke da sunan kowa, duk wanda ya zuba sai ta sa maki a gaban sunansa. Haka imel yake aiki. A tsarin IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, kuma har yau shi ne yawancin manhajojin imel suke amfani da shi, kowace wasiƙa tana da tata alamar da ke cewa an gan ta ko ba a gan ta ba. Saboda haka kana iya karanta wasiƙar da ta shigo yau ka bar ta makon jiya, kowace ta ci gaba da zama a matsayinta, kuma kana iya mayar da wasiƙa ɗaya tak ta koma kamar ba a taɓa buɗe ta ba.

Hanya ta biyu irin ta mai karatun littafi ce, wanda idan ya tsaya sai ya sa tsinke a shafin, duk abin da ke bayan tsinken an wuce shi, abin da ke gabansa kuwa ba a zo ba tukuna. Telegram haka take yi. Kowane saƙo yana samun lamba mai hawa, manhajar kuma tana riƙe lamba ɗaya kawai a kan kowace hira, wato lambar saƙo mafi girma da ya bayyana a gabanka, sannan ta ƙirga waɗanda suke sama da ita ta nuna maka adadinsu. Dalilin zaɓen wannan hanya a bayyane yake idan aka yi ɗan lissafi: zauren Telegram yana iya ɗaukar mutum 200,000, to idan aka turo saƙo 1,000 a rana kuma aka ce sai an sa wa kowane mutum maki a kan kowane saƙo, za a buƙaci maki miliyan 200 a kullum saboda zaure ɗaya. Tsinke ɗaya ga kowane mutum ya wadatar, ko saƙon ya kai nawa.

Wannan sauƙi yana da farashinsa. Da zarar ka danna kibiyar da ke kai mutum ƙarshen hira, tsinken ya koma can ƙasa, kuma duk abin da ka tsallake ya shiga cikin wanda aka karanta. A Telegram dai lambar tana raguwa ne a hankali yayin da kake gangarawa, ta yadda idan ka fita a tsakiya sauran za su jira ka. WhatsApp ba ta da wannan rangwamen, domin buɗe hirar kaɗai yana share lambar gaba ɗaya, ko da layi biyu ka duba. Abin da ya faru da ni ke nan ranar jana'izar.

Mataki na biyu: ka raba lissafinka da lissafin mai aiko saƙo

Mutane da yawa suna cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai lambar da take gaya maka adadin abin da ya rage maka, akwai kuma makin da yake gaya wa mai aikowa inda saƙonsa ya kai. A WhatsApp, ɗan agogo a ƙasan saƙo yana nufin bai bar wayarka ba, galibi saboda rashin sabis ko ƙarewar data. Maki ɗaya mai ruwan toka yana nufin ya isa manyan kwamfutocin kamfanin, inda zai iya jira har kwana 30 idan wayar wanda aka aika wa tana kashe. Maki biyu masu ruwan toka suna nufin ya sauka a wayar mutumin, shuɗin maki biyu kuma, wanda aka fara amfani da shi a watan Nuwamba na 2014, yana nufin an buɗe hirar.

A cikin zaure hukuncin ya bambanta, domin maki na biyu ba ya fitowa sai saƙon ya isa wayar kowa, kuma ba ya komawa shuɗi sai kowa ya buɗe. A zauren da ke da mutum ɗari, inda wani ya yar da layinsa wani kuma wayarsa tana wurin mai gyara, da wuya ka ga shuɗin maki. Idan kana son sanin waɗanda suka ga sanarwarka, sai ka danne saƙon da yatsa har ya haskaka, ka shiga "Info", a nan za ka ga jerin waɗanda suka buɗe da lokacin da kowa ya buɗe, da kuma waɗanda ya sauka a wayarsu amma ba su duba ba. Ga mai sanar da rasuwa ko ɗaurin aure, wannan jeri shi ne zai nuna masa waɗanda ya kamata ya kira da baki, tare da tuna cewa sunan da ya fito cikin masu buɗewa ba hujja ba ce cewa mai shi ya karanta.

Telegram tana da nata tsarin: maki ɗaya yana nufin saƙon ya tafi, maki biyu yana nufin an buɗe, kuma a cikin zaure makin yana zama biyu da zarar mutum ɗaya ya gani. Wanda ya saba da WhatsApp yakan ga maki biyu a Telegram ya ɗauka saƙo ya sauka ne kawai, alhali an riga an buɗe shi.

Mataki na uku: ka yanke shawara a kan shuɗin maki

Idan kana son ka riƙa duba saƙo ba tare da mai aikowa ya sani ba, a WhatsApp sai ka shiga "Settings", daga nan "Privacy", ka kashe "Read receipts". Kafin ka kashe, ka san cewa abin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne, domin kai ma ba za ka ƙara ganin shuɗin maki a saƙonninka ba, kuma ba za ka ga jerin waɗanda suka kalli abin da ka ɗora a sitatus ba. Sannan kashewar ba ta shafi zaure ba, inda ake ci gaba da nuna sunanka cikin masu buɗewa. A ganina, ɗan kasuwar da ke karɓar oda ta waya gara ya bar shi a kunne, saboda abokin ciniki yana samun natsuwa idan ya ga an buɗe saƙonsa, shi ma kuma yana buƙatar sanin ko an ga lambar asusun da ya tura. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da ake damunsa da saƙo har tsakar dare, shi kam kashewa ta fi masa.

Akwai dabarar da ake yawan yaɗawa, wai ka sa waya a yanayin jirgin sama ka karanta sannan ka kunna data. Wannan jinkiri ne kawai, domin manhajar tana ajiye labarin buɗewar ta aika da shi idan ta samu sabis. Hanyar da ba ta da matsala ita ce karantawa daga sanarwar da ke saukowa daga saman waya, wadda ba ta motsa lambarka kuma ba ta aika shuɗin maki, muddin ba ka ba da amsa daga cikinta ba.

Mataki na huɗu: yadda ake shiga zauren da saƙo ya taru

Nan ne aka fi yin asara, don haka nan ya kamata a fi kula. Ƙa'idar farko ita ce kada ka buɗe zauren WhatsApp mai tarin saƙo sai kana da lokacin kai shi ƙarshe. Idan kana kan babur ko kana tsaye a layin banki, ka bar lambar yadda take, domin ita kaɗai ce shaidar da kake da ita cewa akwai abin da ya rage.

Idan ka samu zama, kafin ka buɗe sai ka duba ko akwai alamar @ a gefen lambar, wadda take nuna cewa wani ya ambaci sunanka ko ya amsa maganarka. Da ka shiga, manhajar za ta ajiye ka a kan wani ɗan layi da ke ɗauke da adadin saƙonnin da ba ka karanta ba, kuma wannan layin shi ne tsinkenka. Ka dubi kwanan wata da lokacin saƙon farko da ke ƙarƙashinsa ka riƙe a ka, saboda idan ka fita ka dawo ba za ka sake samun layin ba. Daga nan sai ka riƙa gangarawa da yatsa, ka guji kibiyar da ke ƙasan dama, wadda take wurga mutum ƙarshen hira.

Duk saƙon da ka ci karo da shi wanda ke buƙatar wani aiki daga gare ka, kamar gudunmawar biki, lambar asusu ko ranar taro, ka danne shi ka sa masa tauraro nan take. Tauraro shi ne abu ɗaya a cikin hira da ke aiki irin na littafin uwar adashe, wato yana manne wa saƙo guda, kuma duk saƙonnin da ka sa wa suna taruwa wuri ɗaya da za ka iya buɗewa daga baya. Idan aka katse ka kafin ka gama, ka sa tauraro a kan saƙon da ka tsaya, ya zama tsinken da ka kafa da hannunka, sannan bayan ka fita ka mayar da zauren matsayin wanda ba a karanta ba. A Android ana danne sunan zauren, a taɓa ɗigo uku na sama, a zaɓi "Mark as unread"; a iPhone kuwa ana jan sunan zuwa dama. Ɗigon kore zai bayyana ba tare da lamba ba. Wannan ɗigo tunatarwa ce gare ka kaɗai: ba ya mayar da kai inda ka tsaya, kuma ba ya janye shuɗin makin da ya riga ya tafi wurin mai aikowa.

Idan saƙon ya yi yawan da ba za ka iya bi ɗaya bayan ɗaya ba, ka yi amfani da wurin bincike na cikin zauren ka nemi kalmomin da ba ka son su wuce ka. Ni a zauren dangi nakan nemi "rasuwa", "jana'iza", "asibiti", "suna" da "gobe", kuma nakan gwada rubutu biyu, mai ƙugiya da marar ƙugiya, domin wanda ya rubuta "daurin aure" ba lallai ne binciken "ɗaurin aure" ya kamo shi ba. Saƙon murya ba ya shiga wannan bincike, sai dai a saurare shi, ga shi kuma dattawanmu da shi suka fi aiko muhimmin abu.

Ka kuma lura da zauren da aka kunna wa saƙo mai ɓacewa, wanda ake saita shi a kan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Rashin buɗewarka ba ya tsayar da agogon, saboda haka jinkirin da ya yi amfani a sauran zauruka yana iya zama asara a irin wannan.

Mataki na biyar: ka rage abin da ke neman hankalinka

Tun watan Afrilu na 2024 WhatsApp ta sa maɓallan tace hira a saman jerin hirarraki, kuma danna "Unread" yana ɓoye komai sai waɗanda ba a buɗe ba, haɗe da waɗanda ka sa wa ɗigon kore da kanka. Zaurukan da ba su da gaggawa, irin na tsofaffin ɗalibai da na muhawarar ƙwallo, ka kashe ƙararsu na awa 8, ko mako ɗaya, ko har abada, ko kuma ka tura su ma'ajiya ("Archive"), inda suke zama ko da sabon saƙo ya shigo. A duka halin biyu za a sanar da kai idan an ambaci sunanka. Hira uku da ba ka son su nitse kuma, ka kafe su a saman jeri. A Telegram lambar zauren da aka kashe wa ƙara tana komawa ruwan toka, kuma a saitin sanarwa kana iya cire irin waɗannan zauruka daga jimillar da ke kan tambarin manhajar.

Idan kai ne shugaban zaure, rabin maganin yana hannunka. Ka kafe sanarwa mai muhimmanci a saman hira, wanda WhatsApp ta ba da damar yi na awa 24, kwana 7 ko kwana 30, ta yadda ko wanda ya tsallaka ƙarshe zai gan ta. A ranar rasuwa kuma babu laifi a rufe zauren na 'yan awoyi ya zama shugabanni kaɗai ke iya rubutu, domin abin da ya fi binne lokacin jana'iza shi ne jerin "Allah ya jiƙansa" da ke biyo bayan sanarwar, duk da cewa kowa da kyakkyawar niyya ya rubuta. Daga baya sai a buɗe a karɓi ta'aziyya.

Mataki na shida: share tarin imel ba tare da an zubar da mai amfani ba

Wanda ya buɗe Gmail don neman aiki ko rajistar jarrabawa shekarun baya, yau yana iya tarar da dubban wasiƙu da ba a buɗe ba. Wannan aiki ya fi sauƙi a kwamfuta. Ka rubuta is:unread a wurin bincike, duk waɗanda ba a karanta ba za su fito. Kafin ka share komai, ka tsamo masu daraja ta hanyar haɗa wannan da sunan mai aikowa, misali is:unread from: sannan adireshin bankinka ko makarantarka, ka karanta su ko ka sa musu tauraro. Bayan haka ka rubuta is:unread older_than:1y domin fito da waɗanda suka haura shekara, ka danna ɗan akwatin da ke saman jerin. Wannan zai zaɓi na shafin da kake kai ne kawai, galibi guda 50, amma wani layi zai bayyana yana tambaya ko a zaɓi duk waɗanda suka dace da binciken. Shi za ka danna, sannan ka zaɓi "Mark as read". Haka za ka maimaita da category:promotions domin wasiƙun talla. Mayar da wasiƙa matsayin wadda aka karanta ba ya rage wurin da ta cinye a cikin gigabait 15 na ajiya da Google ke ba kowane asusu kyauta, don haka wanda wurin ajiyarsa ya cika sai ya goge su ɗungurungum.

Domin kada tarin ya dawo, ka buɗe ɗaya daga cikin wasiƙun da ke zuwa kullum ba ka buƙatar su, ka ƙirƙira mata ƙa'idar tacewa ("filter") da za ta riƙa sa mata alamar karantawa tana kauce wa akwatin farko. A saitin akwatin kuma akwai zaɓin da ke jera waɗanda ba a karanta ba a sama.

Imel ba shi da shuɗin maki, amma kamfanoni suna da hanyar sanin ka buɗe: sukan saka wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani a cikin wasiƙar, wanda da zarar wayarka ta sauke shi sai labari ya koma musu. Wanda bai son haka ya shiga saitin hotuna na Gmail ya zaɓi a riƙa tambayarsa kafin a nuna hotunan da ke zuwa daga waje.

Mataki na bakwai: idan lambar ta ƙi daidaita

WhatsApp tana ba da damar haɗa na'ura har huɗu da asusu ɗaya, kuma duk hirar da aka buɗe a ɗaya tana zama karantacciya a sauran. Idan kana ganin saƙonni suna rasa lambarsu ba tare da ka taɓa su ba, ka shiga "Linked devices" ka duba, domin mai yiwuwa asusunka yana nan a buɗe a kwamfutar shago, ko a wata da ka taɓa amfani da ita wurin masu buga takardu ka manta ba ka fita ba. Duk na'urar da ba ka gane ba ka cire ta nan take.

A imel kuwa matsalar takan zo ta ɗaya gefen, ka karanta wasiƙa a kwamfutar ofis amma a waya ta ci gaba da nuna ba a buɗe ba. Galibi dalilin shi ne an saita manhajar kwamfutar da tsohon tsarin POP, wanda yake sauke wasiƙa ya ajiye alamar karantawa a na'urar kaɗai, kuma maganinsa shi ne a cire asusun a sake saka shi da IMAP, bayan an tabbatar wasiƙun da aka sauke suna da kwafi.

Saura lambar da ke kan tambarin manhaja a fuskar waya. A yawancin wayoyin Android tana ƙirga sanarwar da ke rataye a saman waya ne, shi ya sa idan ka share sanarwar da yatsa sai ta ɓace alhali saƙonnin suna nan ba a buɗe ba, don haka lambar da ke cikin manhajar ita ce abin dogaro. Idan kuma lamba ɗaya ta maƙale ta ƙi tafiya, a Gmail binciken is:unread zai tono wasiƙar ko da ta shekara biyar ce, a WhatsApp kuma ka leƙa ɓangaren kira ko akwai wanda ka rasa, sannan ka buɗe ma'ajiya ka duba zaurukan da ka tura can.